Gado da Wadata a Littattafan Hira na Hausa: Awo da Mudun Ƙasar Gumel

Nufinmu a wannan takarda shi ne mu ɗauki waɗansu littattafan hira na Hausa da suka yi magana a kan mai dukiya, mu auna su da abin da a ke gani a ƙasar Gumel, watau Gumel kanta da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗu da suka haɗu suka yi masarautar a arewacin Jihar Jigawa. Tambayar da za mu riƙe ita ce: shin marubutanmu sun gane abin da Bahaushe ya ke nufi sa'ad da ya ce abu ya ishe shi? Sun kuma gane yadda gado ya ke shiga cikin wannan lissafi? Ra'ayinmu shi ne littafi guda ya kusa, sauran kuwa wa'azi ya ɗauke musu hankali.

Kafin a shiga littattafan, ya kamata a tsaya kaɗan a kan kalmomi. Bahaushe yana da ƙoshi, wanda ya ke na ciki ne, yana wucewa kafin gari ya waye. Yana da wadata, wadda ya kan raba biyu, ta hannu da ta zuci. Sa'an nan yana da rufin asiri, wannan kuwa ita ce kalmar da ta fi nauyi, gama tana da ma'auni wanda kowa ya sani a ƙauye: hatsin rumbu ya kai magidanci wata kaka ba tare da ya ci bashi ba, ya yi wa iyali ɗinkin Salla, ya yanka ragon suna, in baƙo ya sauka kada a ji motsin aro a maƙwabta. Wanda ya sami haka an ce asirinsa a rufe ya ke, ko da ba shi da ko sisi a aljihu. Rumbu yana da baki, ana ganin inda ya cika. Kuɗi fa ba su da irin wannan baki, shi ya sa ba a taɓa jin an ce wane ya cika kuɗinsa kamar yadda a kan ce ya cika rumbunsa.

Littafin da ya kusa shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta tare a Zariya jim kaɗan bayan gasar rubutu ta 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Masu sharhi sun saba karanta shi bisa cewa labarin ramuwa ne, gaskiya ne kuwa rabin littafin tafiyar Abubakar ce cikin dazuzzuka yana neman asirin da zai rama da shi. Amma mai karatu ya duba inda fitinar ta tsiro. Malam Shaihu na garin Galma ba kuɗi ya ke nema ba, yana da su har sun yi masa yawa. Magaji ya rasa. Dukiyar da kanta ita ce ta buɗe masa ramin da ba ta iya cikewa, domin talaka in bai haihu ba baƙin cikinsa guda ne, attajiri kuwa nasa biyu: rashin ɗa, da tunanin hannun da tarin nan zai faɗa ranar da aka kai shi makwanci. Wannan tunani ne ya sa ya ƙwace Zainabu daga saurayinta Abubakar, ya sami ɗan da ya ke so, aka riƙa kiransa Kyauta. Ramuwar Abubakar kuwa ba ta taɓa jikin Malam Shaihu ba, ba ta ƙone masa rumbu ba. Magajin aka lalata, aka mai da shi ɓarawo, har uban ya rasa ransa a daren da ɗan da abokinsa Dogon Yaro suka shiga gida sata, ɗan bai san gidan ubansa ya shiga ba.

A nan hikimar littafin ta ke, ba mu tsammanin kuma an yaba ta yadda ya kamata. Ɗan attajiri da ya zama ɓarawo mutum ne wanda ba shi da bukatar abin da ya ke ɗauka, hannunsa ne kurum ba ya iya tsayawa. Da marubutan sun so, da sun sa asirin ya haukatar da yaron ko ya kwantar da shi ciwo. Suka zaɓi sata, watau cutar uban ce ta fito a jikin ɗan da wata kama: shi ma Malam Shaihu ya ga abin da ke hannun wani ya ɗauka, alhali gidansa cike ya ke. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji masu magana, to Kyauta ya gaji nasa tun yana da rai.

Duk da haka akwai inda littafin ya gaza. Hankalin marubutan yana kan ramuwa, saboda haka suka wuce wata mas'ala wadda ko wane alƙalin ƙauye zai tsaya a kanta. A mazhabar Malikiyya, wadda a ke bi a kotunanmu, wanda ya kashe mutum da gangan ba ya gadonsa, wanda kuwa ya kashe bisa kuskure yana gadon dukiyar amma ban da diyya. To ɗan da ya shiga gida da niyyar sata, aka yi kisa, bai san ubansa ne ba, ina matsayinsa? Ga babi guda cur na shari'a da muhawarar malamai da zullumin uwa, an bar shi a ƙasa. Wani dalilin kuma shi ne Kyauta ɗa ne tilo. Da zarar marubuci ya ba attajiri ɗa guda, ya tsere wa rabo, rabo kuwa shi ne ainihin gado a ƙasar Hausa.

Sauran littattafan ba sai mun daɗe a kansu ba. A Ruwan Bagaja dukiya ladan yawon duniya ce, Alhaji Imam ya fita ya sha wuya ya komo da arziki, ba a tambayi abin da zai faru da shi bayansa ba. A Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya yi nasara a gasar Hukumar Al'adu ta Tarayya aka buga shi a 1982, Alhaji Gabatari ɗan fasa-ƙwauri ne a garin bakin iyaka, kwaɗayinsa ba shi da linzami, ƙarshensa kuwa hannun hukuma. Mutumin Maigatari in ya karanta ya kan yi murmushi saboda kamannin sunan, ko da ya ke marubucin Bakatsine ne, iyakar Jibiya ta fi kusa da shi. A Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, gobara ta cinye masa kanti. Littattafai ne masu amfani, na Balaraba ma ya faɗi gaskiyar zaman gida wadda maza ba su faɗa ba. Amma hanyarsu ɗaya ce: mai kuɗi ya yi zalunci, alhaki ya kama shi, dukiya ta watse tun kafin a zo maganar rabo. Mai karatu ya rufe littafi yana jin daɗi cewa rashin ƙoshi ciwon miyagu ne. Wannan kuwa ba daidai ba ne. Mutumin kirki ma, mai salla a sahun gaba, wanda bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, ya kan kwana yana lissafi, kuma yana da hujja.

Ga hujjar. Mu ɗauki misali, a ce wani manomi a ƙasar Sule Tankarkar ya rasu ya bar gona eka 16, da mata ɗaya, da 'ya'ya maza uku da mace ɗaya, iyayensa sun riga shi, ba bashi ba wasiyya. Matar tana da tumuni, watau ɗaya bisa takwas, eka 2. Sauran 14 a kasa su bakwai, gama namiji yana da rabon mata biyu: ko wane ɗa namiji eka 4, 'yar eka 2. In ɗaya daga cikin 'ya'yan nan ya rasu ya bar iyali irin na ubansa, ɗansa eka 1 zai samu. Daga 16 zuwa 4 zuwa 1, tsakanin kaka da jika. Gonar da ta cika rumbu uku ta koma ba ta ciyad da gida wata huɗu, musamman a wannan ƙasa ta rairayi inda damina gajera ce, gero da wake da riɗi su ne abin dogara. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a 1967 ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna yadda gandu ya kan watse bayan mutuwar uba, ta kuma lura cewa manomi mai ƙarfi shi ya fi yawan mata da 'ya'ya, saboda haka gonarsa ce ta fi shan yanka. Uban da ya san wannan lissafi, in ya ci gaba da sayen gona yana da furfura, kada a yi saurin kiransa makwaɗaici. Abin da ya ishe shi ya san ba zai ishi bakwai ba.

Wannan ne kuma ya sa ba za a iya kwaikwayon littattafan Ingila a nan ba. A can an daɗe ana barin ƙasa dunƙule ga babban ɗa, mai dukiya kuma yana da ikon rubuta wasiyya ya ba wanda ya ga dama, saboda haka marubutansu suka sami abin ja da rai: wa tsoho zai rubuta, wa zai hana. Charles Dickens ya gina Bleak House na 1853 a kan shari'ar wasiyya wadda ta daɗe har kuɗin lauyoyi suka cinye dukiyar duka. A wurinmu Suratun Nisa'i ta yanke rabon kowa, wasiyya ba ta wuce sulusi, ba a kuma yi wa magaji. Ba wani asiri da za a buɗe ranar rabo. Rikicinmu yana wani wuri dabam: ƙanin uba da ya riƙe dukiyar marayu har suka girma ba su ga kome ba, 'yan'uwa maza da suka ce su za su noma wa 'yar'uwarsu rabonta tun da tana gidan miji, shekara ashirin ba ta ga dami ɗaya ba, da gidan da aka ƙi rabawa don kunya har jikoki suka kai juna gaban alƙali. Duk wanda ya zauna a zauren dagaci ya ji irin waɗannan. A littattafan da muka ambata ba su sami wuri ba.

Sai mu zo ga kuɗi kansu. Kalmar kuɗi jam'in wuri ce, wurin kuwa ya mutu ya bar sunansa. Turawa sun hana shigo da shi a 1904, sule da kwabo suka maye gurbinsa, wanda ya gaji buhunan wuri ya wayi gari da abin adon ƙwarya. Fam ta tafi a 1973, aka canja ko wace ɗaya da naira biyu. An sake launin takardun naira a 1984 cikin 'yan kwanaki, aka kuma sake wani canjin a ƙarshen 2022 wanda ya jefa kasuwannin ƙauye cikin ƙuncin rashin tsabar kuɗi a farkon 2023. A tsakiyar 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin watanni tara su cika ta haura 1,500. Mutumin da ya ga haka da idonsa, yaya za a ce masa ya ajiye adadi kaza ya ce ya isa? Dabba ma ba ta tsira ba. Farin 1973 da ciwon bushiya na 1983 sun kwantar da garkunan da aka gada kaka da kakanni. Gyaɗa, wadda jirgin ƙasa na Kano zuwa Nguru ya riƙa kwasa ta tashar Gagarawa tun 1930, fari da cutar 1975 suka karya ta. Kasuwar Maigatari kuwa, wadda ke ci ran Alhamis, inda shanu da raƙuma da tumaki ke shigowa daga Dungas da Magarya da Damagaram har da nesa da nan, arzikinta yana rataye da ƙofar iyaka. An rufe ta a Agusta 2019 sai Disamba 2020 aka buɗe, aka sake rufewa a Agusta 2023 bayan juyin mulkin Nijar, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Dillalin da ya gaji rumfar ubansa da amanar fataken ubansa bai gaji maɓallin iyaka ba. Arziki rigar ƙaya, in ji Hausawa, a nan kuwa ƙayar tsoro ce, ba lalle kwaɗayi ba.

Wani zai kawo gidan Alhassan Ɗantata ya ce ai ga dukiyar da ta tsallake rabo. Haka ne. Ya rasu a Kano a 1955, harkarsa ta ci gaba da sunan kamfani a hannun 'ya'yansa, cikinsu har da Sanusi da Aminu wanda ya rasu a 2025, Aliko Ɗangote kuma jikan Sanusi ne ta wajen uwa. Amma abin da ya tsira a gidan jari ne mai juyawa, da sanin ciniki, da amincewar mutane. Jari kuwa kayan aiki ne kamar garma, ba a tambayar mai shi ko ya ƙoshi, gama ranar da ya tsaya ranar ya fara raguwa. Shi Alhassan ɗin ma maraya ya tashi a Bebeji, fataucin goro zuwa Gwanja ne ya kafa shi. Babu littafin hira na Hausa da muka karanta wanda ya shiga zuciyar irin wannan mutum ba tare da ya mai da shi mugu ko waliyyi ba.

Abin da ya fi kome nuna gibin nan shi ne abin da ya auku a ƙasar Gumel kanta. Gwamnatin Jihar Jigawa ta keɓe fili hekta 12,000 domin kamfanin Lee ya noma rake ya kafa masana'antar sukari, filin ya shafi Gagarawa da Sule Tankarkar da kuma Garki da Taura na masarautar Ringim. Maganar ta yi zafi a 2016 da 2017, zamanin Gwamna Muhammadu Badaru Abubakar. Hujjar gwamnati ita ce aikin yi ga samari da bunƙasar jiha, ba hujjar banza ba ce kuwa a wurin da samari ke tafiya cin rani ko wace shekara. Waɗansu manoma suka karɓi diyya, waɗansu suka ƙi, suna cewa gonakin gado ne. Doka kuma tana da nata harshe: tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta bi sawun dokar Jihar Arewa ta 1962, ƙasa amana ce a hannun gwamna, manomi haƙƙin amfani ya ke da shi, diyya kuwa galibi ta abin da ke bisa ƙasar ce, kamar shuka da itatuwa da gini. Watau abin da alƙalin musulunci ya raba wa magada a matsayin mallaka, takardar gwamnati ba ta kira shi da wannan suna ba.

Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci tsakanin gwamnati da manoma. Abin da ya shafe mu shi ne wanda ya ƙi karɓar kuɗin. In aka auna shi da mudun Turmin Danya, ba shi da wuri, domin a can mutane iri biyu ne, mai haɗama da mai gaskiya. In aka ce ya ƙi ne don a ƙara masa, an mai da shi ɗan ciniki, wataƙila kuwa akwai masu wannan nufi a cikinsu. Amma akwai wanda ko an ninka masa ba zai sa hannu ba, ba don ya fi kowa tsoron Allah ba, sai don ya iya lissafi. Gonar eka huɗu ta san aikinta: ko wace shekara tana ba da gero, da harawa, da kara na danni, in ya mutu kuma tana nan. Kuɗin diyya kuwa aure ɗaya da babur ɗaya da jinya ɗaya sun tashi da su. Karin maganar nan da ke cewa gadon gida halal ne ga raggo ana yinta ne don zolayar wanda ya zauna ya ci abin da bai tara ba, amma mai gonar gado ba zaune ya ke ci ba, sai ya yi huɗa ya yi noma ya yi maimai. Abin da ya gada wurin yin wahala ne, ya kuwa fi son wannan wahala da tsabar da ba ya iya ganin bakinta.

A nan za a ga Malam Shaihu da manomin Gagarawa sun haɗu, ko da ya ke ɗaya attajirin littafi ne ɗaya talakan gaske. Dukansu biyu ba cikinsu su ke aunawa ba, bayansu su ke dubawa. Ɗaya yana da abin bari ba shi da wanda zai bar wa, ɗayan yana da waɗanda zai bar wa ana so a karɓe abin barin. Tafida da East sun ga rabin farko tun shekarun 1930, sa'an nan suka bi Abubakar cikin daji suka bar shi. Rabi na biyu yana nan a ƙauyukan da ke tsakanin Gagarawa da Sule Tankarkar, da mutanensa cikakku: tsohon da ya ƙi sa hannu, ɗansa da ke ganin kuɗin babur da na aure a cikin takardar, dagacin da ke tsakanin hakimi da talakawansa, da 'yar'uwar da ke aure a Maigatari, wadda ke da eka biyu a cikin gonar bisa rabon alƙali, ba wanda ya aika a tambaye ta.